Mene ne asalin kalmar "his" ta Ingilishi, kuma tana da dangi a wasu harsuna?

Malamar Turanci, Mabera:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a nan Sakkwato, kuma ina neman bayani a kan kalmar "his", wadda muke fassara wa yara da "nasa" ko "tasa". Na ci karo da wata tsohuwar jimlar Ingilishi inda aka yi amfani da ita a kan gishiri, alhali kullum muna hana ɗalibai ɗora ta a kan abin da ba shi da rai. Haka kuma wani abokin aiki mai ilimin Larabci yana zaton tana da alaƙa da "hiss" ta Larabci, har ya ƙara da cewa daga "his story" aka haɗa "history". Ina son in san abin da ya tabbata kafin in kai maganar gaban aji.

Malamin Nahawu, Arkilla:

Wa alaikumus salam, Malama. Jimlar da kika gani ba kuskure ba ce, domin a tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi daga wajen ƙarni na 5 zuwa farkon ƙarni na 12, "his" ita ce siffar mallaka ta wakilan suna guda biyu: "he" na namiji, da "hit" na jinsi na uku wanda ba namiji ba kuma ba mace ba, wato wanda daga baya ya yar da harafinsa na farko ya koma "it". Saboda haka ƙarnuka masu yawa Bature yana faɗin "his" a kan sarki, yana kuma faɗinta a kan jirgi da gida. Kalmar "its" ba ta bayyana a rubuce ba sai a ƙarshen ƙarni na 16, kuma ta daɗe kafin manyan marubuta su karɓe ta. Fassarar Baibul ta Sarki Jems ta 1611 ba ta yi amfani da ita ba a bugunta na farko, kuma a cikinta ne ake samun zancen gishirin da ya rasa ɗanɗanonsa da "his", wanda nake kyautata zaton shi kika gani.

Idan aka ƙara tonawa, saiwar kalmar ba ta da ruwa da namiji ko kaɗan. Ta fito ne daga wata tsohuwar kalmar nuni mai ma'anar "wannan", shi ya sa take uwa ɗaya da "here" da kuma "heute" ta Jamusanci, wato "yau". Har "her" ma daga wannan saiwar take. A jam'i ne kawai aka samu baƙuwa, domin "their" aro ce daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a gabashi da arewacin Ingila tun daga ƙarni na 9. Ina ganin ya kamata a gaya wa ɗalibai cewa dokar da muke koya musu daidai ce a Ingilishin yau, amma ba tun fil'azal take ba.

Tafinta, Illela:

Malama, ni ta fuskar aiki zan yi magana, don kullum ina tsakanin Hausa da Faransanci da Ingilishi a bakin iyaka. Abin da ke rikita yaranmu shi ne cewa Ingilishi yana duban mai abu ne kaɗai, ko littafi ne ko riga "his" ce muddin namiji ne ya mallaka. Faransanci kuwa yana duban abin da aka mallaka, ya ce "son livre" da "sa maison" ko da wane ne mai su. Hausa ta haɗa duka biyun: littafinsa da rigarsa, littafinta da rigarta, mu kuma a Sakkwatanci mu ce littafinai da rigatai. Yaron da ya saba da haka, idan ya zo faɗin "ɗanta" sai ka ji ya ce "his son", saboda hankalinsa yana kan ɗan, ba kan uwar ba. A kuma nuna musu cewa "his" ita kaɗai take ɗaukar gajeriyar mallaka da doguwa, saɓanin "her" da "hers" ko "my" da "mine". Sannan da sautin "z" take ƙarewa. Wanda ya furta ta da "s" ya faɗi "hiss", wato hucin maciji.

Malamin Nahawu, Arkilla:

Malam Tafinta ya yi daidai. Bari in koma kan zaton abokin aikinki, Allah ya ƙara masa ilimi, domin zato ne da mutane da yawa suke yi. "Hiss" ta Larabci tana farawa da ha ƙarami, tana nufin ji ko fahimta ta hanyar gaɓɓai, kuma daga saiwarta "ihsasi" ya fito. Ita ce Turkanci ya ara ya rubuta "his", harafi da harafi kamar ta Ingilishi, amma da ma'anar abin da mutum ke ji a rai. A Latin ma akwai "his", siffar jam'i ta "hic", wato "wannan", kuma ita ce ta fi ruɗar mutane saboda har ma'anar ta yi kusa da saiwar da na ambata. Duk da haka ba dangi ba ne. Ƙa'idar sauyin sauti da masanin harshe Bajamushe Jacob Grimm ya bayyana a 1822 ta nuna cewa inda Ingilishi yake da "h" a kalmomin gado, Latin yana da sautin "k" wanda yake rubutawa da "c": "heart" da "cor", "horn" da "cornu", "hundred" da "centum". Saboda haka 'yar'uwar "his" ta gaskiya a Latin ita ce "cis", mai nufin "ta wannan gefe", wadda ido ba zai fara zarginta ba. 

Kama da wane ba ta wane, kuma misalin yana bakinmu: "shi" ta Hausa da "she" ta Ingilishi furucinsu kusan ɗaya ne, amma ɗaya namiji ce take nufi, ɗaya mace. "History" kuwa daga "historia" ta Girkanci take, mai ma'anar bincike, ta ratso ta Latin, kuma babu "his" a cikinta ko ɗaya.

Ɗalibin Jami'a, Runjin Sambo:

Allah ya gafarta Malam, ina da ƙarin tambaya. Na taɓa jin cewa alamar mallaka da ake liƙa wa suna, kamar a "Musa's book", taƙaitawar "his" ce. Haka ne?

Malamin Nahawu, Arkilla:

A'a, ɗana, kodayake Turawan da kansu sun daɗe suna zaton haka, har marubucin Ingila Joseph Addison ya rubuta shi a 1711. A ƙarni na 16 da na 17 an yi yayin rubuta suna a bi shi da "his", kamar a taken wasan kwaikwayon marubucin Ingila Ben Jonson na 1603, "Sejanus His Fall". Amma alamar ta girmi wannan yayin, domin daga ɗafa-ƙeyar "-es" ta tsohon Ingilishi ta gangaro, kamar a "cyninges", wato "na sarki". Da daga "his" take, da ba a liƙa ta wa sunan mace ba, ga shi kuwa ana cewa "Amina's book".