Wane suna za mu ba "lagune" da matatar da ke bakinta?

Malamai, ina fassara wani bayani daga Faransanci a kan yadda biranen bakin teku suke yi da ruwan ƙazantarsu, sai kalmomi biyu suka tsaya mini a wuya, wato "lagune" da "station d'épuration". Mu a Maradi ba mu da teku, amma ƴan kasuwarmu da ke ɗauko kaya a Kwatano sun san Nokuwe, wanda irin wannan "lagune" ɗin ne, masu zuwa Abijan kuma sun san Ebiriye, ruwan da ya ratsa tsakiyar birnin, wanda aka haɗa shi da teku ta mashigar Biridi a 1950.

Wani malami daga Tasawa ya ce in rubuta "tabki" kawai in wuce. Allah ya gafarta Malam, ban gamsu ba, domin duk Bamarade da ya ji tabki, Madarunfa ce za ta faɗo masa, ruwan daɗi wanda ba ruwansa da teku. Ita kuwa "lagune" ruwa ne marar zurfi da ke kwance a bayan tudun rairayi, teku yana shiga ta ƙaramar kafa, koguna suna zubowa ta baya, shi ya sa gishirinsa yake ƙaruwa da rani ya ragu da damina. Wani ya kawo "tabkin zartsi", kalmar ta burge ni ƙwarai, tunda zartsi tamu ce, sai dai rijiya ma tana yin zartsi a tsakiyar tudu. Saboda haka na tsaya a kan "tabkin bakin teku".

Ƙanƙantar kafar nan ce tushen matsalar. Ruwan ba ya sauyawa da sauri, don haka idan bayan gida da ruwan wanki suka shiga, sinadaran azot da fosfor da ke cikinsu sukan zama taki ga gansakuka, ta yi yabanya, idan ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Haka aka gani a Mar Menor, wani tabkin bakin teku na ƙasar Sifaniya, a 2019 da 2021, lokacin da matattun kifaye suka cika gaɓa, ko da yake can takin gonaki ya fi ɗaukar laifin.

A kalma ta biyu kuwa, wato "station d'épuration", inda ake tsabtace ruwan ƙazanta, na ƙi "matatar ruwa" tsurarta, domin mai karatu zai zaci ta ruwan famfo ce. Na zaɓi "matatar ruwan kwata", kamar yadda muke cewa matatar mai ta Damagaram. A cikinta raga takan tare leda da shara, a bar ruwan ya kwanta laka ta sauka, ƙwayoyin halitta su cinye sauran dattin, sannan idan tabkin bakin teku za a zuba shi, dole a ƙara matakin cire sinadaran nan biyu.

Saura tarko ɗaya. Faransanci yana da "lagunage", dabarar tara ruwan kwata a jerin ramuka masu faɗi, rana da gansakuka da ƙwayoyin halitta su tsabtace shi cikin makonni. Wannan na kira shi "kududdufan tacewa", don kada mai fassara ya haɗa shi da tabkin da ake son karewa. Wanda yake da kalmar da ta fi "kwata" dacewa, musamman ƴan uwanmu na Katsina da Kano, ya kawo ta kafin in miƙa aikin ranar Litinin.