Ƙanina zai shiga filin tseren babur a Ingila, wane rukuni ya dace da shi?

Baban Ummi Ringim:
Salam jama'a. Dan Allah masu sanin harkar manyan babura ku taimaka min da shawara. Ƙanina da ke karatu a Ingila ya sayi Yamaha mai 600cc na hannu, yanzu wai zai biya kuɗi ya shiga filin tsere na yini ɗaya, ya ce ba gasa ba ce, kawai ana buɗe wa mutanen gari filin ne kowa ya zo ya sake totur. An ce ya zaɓi rukuni, ƴan koyo ko na tsakiya ko gwanaye, shi kuma ya dage sai na tsakiya tunda tun yana sakandare yake kai buhun shinkafa kasuwar Gujungu a kan Boxer. Kuma filin da yake so wai Cadwell Park. Hajiyarmu dai tunda ta ji ta kasa barci, ita a ganinta irin wasan gangancin da yara ke yi ne ranar kai amarya.

Sani Makanike Gezawa:
Wslm Baban Ummi. Ni ban taɓa zuwa ba amma sana'ata ce babur, ka gaya masa Boxer daban wannan daban. Boxer 100cc ce, kana taka birkin baya ka tsaya lafiya, shi kuwa wancan kusan duk tsayuwarsa a birkin gaba take, wanda hannunsa ya saba da ƙafa in ya taho a guje ya danna na baya tayar zamewa za tai kawai. Ya shiga ƴan koyo mana, waye zai masa dariya a can, wa ya san shi

Abba Lesta:
Yaya Baban Ummi ka kwantar wa Hajiya da hankali, ni ina nan ƙasar kuma ina zuwa. Ba kamar wasan biki ba ne sam, babu mota babu akuya babu mai tahowa ta gabanka, kowa hanya ɗaya ya nufa, ga motar asibiti a tsaye ga ma'aikata da tuta a kwanoni. Da safe sai an tara ku an yi bayani, an duba lasisi, an auna ƙarar salansa, kuma ba za ka shiga ba sai da cikakkun kayan fata da hular kwano da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu. Kowane rukuni minti 20 ake ba shi sai ya fito wani ya shiga, haka ake juyawa har yamma.

Maganar rukuni kuwa ba shekarunka a titi ake dubawa ba, sau nawa ka taɓa hawa filin ake dubawa. Ƴan koyo malami ne ke shiga gaba a zagayen farko a hankali, ba a wuce kowa, yana nuna maka inda za ka fara birki da inda za ka kwanto cikin kwana. Na tsakiya shi ne ma ya fi rikici a ganina, saboda a nan ake haɗa wanda ya kusa zama gwani da wanda girman kai ya hana shi zama ɗan koyo, sai ka ga mutum ya wuce ka fuuu a miƙaƙƙiyar hanya ya zo kwana ya tsaya cak a gabanka. In malaman suka ga ya fi ƙarfin ƴan koyo su da kansu za su matsar da shi gaba in akwai gurbi.

Cadwell kuma gaskiya a'a, ba yanzu ba. Siriri ne, hawa da gangara ne cikin bishiyoyi, akwai wani tudu da gwanaye ke tashi sama da babur ɗin gaba ɗaya, nasan bidiyon wajen ya gani shi ya ruɗe shi. Ya duba Snetterton, shimfiɗaɗɗe ne kana hango gabanka, ko Silverstone mai faɗi wanda da can filin jirgi ne, sai dai shi babban zagayensa ya kusa kilomita 6, kafin ka haddace kwanonin yini ya ƙare. Ƙaramin zagayen Brands Hatch bai kai kilomita 2 ba, nan da nan ka haddace, amma kwanar farko gangara ce mai tsinka zuciya.

Malam Habu Taura:
Ni tambayata in ya faɗi ya farfasa babur ɗin wa zai biya? Yaro an tura shi karatu

Abba Lesta:
Shi zai biya Malam, inshorar titi yawanci ba ta ɗaukar abin da ya faru a filin tsere, sai dai ya sayi ta yini ɗaya daban. Wasu ma hayar babur suke a wajen su ajiye kuɗin jingina. Kuma ya rage iskar taya kafin ya shiga, akwai masu taya a wajen ya tambaye su nawa zai bari, sannan zagaye biyun farko ya bi a sannu har tayar ta ɗau zafi, da yawa a nan suke faɗuwa.

Baban Ummi Ringim:
Nagode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na tura masa duka, ya ce ya yarda da ƴan koyo amma Cadwell ɗin wai sai ya yi tunani. Abba dan Allah duba inbox na ajiye maka lambarsa, ƙila kai ya ji maganarka.