In wasu halittu ne suka shuka rai a duniyarmu, su wa ya yi su?

Sale, Garwa: Jama'a, finafinan ƙagen kimiyya da ke nuna wasu halittu daga wata duniya sun zo sun shuka rai a nan ba shirme ba ne. Francis Crick, wanda ya ci Nobel kan gano siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta a jiki, shi da Leslie Orgel sun kawo wannan ra'ayi a 1973. In haka ne, tsarin jikinmu ba dole ya zama hujjar samuwar Mahalicci ba.

Malam Hamadu, Marwa: Subhanallahi. Ɗana, tambayar ka ɗauka ka kai ta sama, amma ba ka amsa ta ba. Su waɗancan wa ya tsara su? In ka ce wasu ne, su ma fa? Dole sarƙar ta tsaya ga Wanda ba a yi Shi ba.

Hajiya Zara, Injamena: Ƙanena, kawo abin da ake taɓawa da hannu. Ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, a hamadar Jurab ta Cadi aka tono shi a 2001, shekarunsa sun kai wajen miliyan 7, ana iya aunawa a yi gardama a kai. Baƙinka kuwa, tun 1960 masanin taurari Frank Drake ya fara kasa kunne ga sararin sama da na'urar rediyo, har yau ko tari ba a ji ba.

Sale: Yaya, amma an tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 da ke kewaya wasu taurari. Duk kufai ne?

Malam Hamadu: Wa ya ce kufai ne? Aya ta 29 a suratu Shura ta ambaci dabbobin da Allah Ya watsa a sammai da ƙasa. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta haɗa da mala'iku, ba zan ɗora mata abin da ba ta faɗa ba. Amma ko gobe aka gano su, bayin Allah ne kamarmu.

Usmanu, Ngawundare: Allah gafarta Malam, nan ina tare da kai. Inda nake tsoro shi ne masu cewa duk abin da kimiyya ta kasa bayyanawa, nan hujjar Allah take. A 2005 wata kotu a Amurka ta yanke cewa wata koyarwa irin wannan, da ake kira "intelligent design", mai cewa sarƙaƙiyar halittu hujja ce ta samuwar mai tsarawa, ba kimiyya ba ce. Ranar da aka bayyana abin, yaron da ya gina imaninsa a kai ina zai kama?

Sale: To ai ni ne yaron, Usmanu. Shi ya sa nake tambaya.

Malam Hamadu: Ka zo zaure bayan la'asar, ka taho da abin da ka karanta na Crick ɗin.