Arthur Alexander: me ya sa sunansa bai yi nisa kamar waƙoƙinsa ba?

Nasiru:
Assalamu alaikum. A jikin faifan farko na Beatles, ƙungiyar mawaƙan Ingila, Please Please Me, wanda ya fito a 1963, an rubuta sunan Arthur Alexander a matsayin wanda ya tsara waƙar "Anna (Go to Him)". Ina roƙon masana su yi mini ƙarin bayani: wane ne mutumin nan, kuma me ya sa ba a ambatonsa tare da su Sam Cooke da Otis Redding idan ana lissafa manyan mawaƙan soul, wato salon waƙar baƙar fatar Amurka mai tushe a waƙoƙin coci?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. An haifi Arthur Alexander a 1940 a garin Sheffield na jihar Alabama, a kudancin Amurka, kuma kamar yawancin tsararrakinsa, da waƙoƙin coci ya fara. Faifansa na farko, "Sally Sue Brown", ya fito a 1960 da sunan June Alexander. Yana aikin ɗaukar wa baƙi kaya a otal ne ya tsara "You Better Move On", wadda mai shirya waƙa Rick Hall ya naɗa a 1961 a cikin wani tsohon ɗakin ajiyar taba a garin Muscle Shoals, kusa da Sheffield. Kamfanin Dot ya fitar da ita, ta kai mataki na 24 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard a 1962. Abin lura shi ne, da kuɗin wannan waƙa Hall ya gina situdiyon FAME a kan titin Avalon, inda daga baya Wilson Pickett da Aretha Franklin da Etta James suka je suka yi aiki. Duk wanda zai ba da tarihin kiɗan Muscle Shoals, dole ya faro daga wannan bawan Allah.

Hajiya Rabi:
Malam Habibu ya kawo asali, bari in taɓo tambaya ta biyu. A ganina, salonsa ne ya fara cutar da shi a kasuwa. Alexander ba ya ƙaraji, ba ya tsuma jama'a kamar Otis Redding. Muryarsa a kwance take, cike da damuwa, kuma waƙoƙinsa labarai ne irin na mawaƙan country (kiɗan karkara na farar fatar Amurka), yawanci na mutumin da aka raba da masoyiyarsa yana magana cikin ladabi. A Nashville, cibiyar kiɗan country, aka naɗi "Anna", kuma Floyd Cramer, makaɗin fiyano na country, shi ya kaɗa amon da ke bin waƙar, wanda George Harrison na Beatles ya mayar kan jita. A lokacin gidajen rediyo da kamfanonin faifai sun raba kiɗa gida biyu, na baƙar fata daban, na farar fata daban, don haka baƙin mutum mai rera soul da ƙamshin country ya rasa rumfar da za a ajiye shi. Matasan Ingila kuwa ba ruwansu da wannan rabe-rabe. Shi ya sa Rolling Stones suka rera "You Better Move On" a 1964, waƙoƙinsa suka zaga duniya da muryoyin wasu, shi kuma ya ci gaba da kokawa cewa ba a biyansa haƙƙinsa yadda ya kamata. Ga kuma rashin lafiya da ta yi ta katse masa aiki.

Dr. Bashir:
Ina goyon bayan Hajiya, sai dai akwai buƙatar a bambanta abin da ya tsara da abin da ya rera kawai, domin ana yawan cakuɗa su. "Soldier of Love", wadda Beatles suka rera a rediyon BBC, Buzz Cason da Tony Moon ne suka rubuta ta. Haka nan "Burning Love" ta Dennis Linde ce, ko da yake Alexander ya riga Elvis Presley fitar da ita, a kundinsa na kamfanin Warner na 1972, kafin ta Elvis ta fito a shekarar ta danne tasa. Cikin nasa na kansa akwai "Every Day I Have to Cry", wadda Steve Alaimo ya yi kasuwa da ita tun 1963, shi kuwa mai waƙar sai a 1975 tasa ta shiga jadawali. Bob Dylan ma ya rera "Sally Sue Brown" a 1988.

Nasiru:
Na gode ƙwarai. To, bayan 1975 ina ya shiga?

Malam Habibu:
Daga baya ya bar harkar baki ɗaya, ya koma birnin Cleveland na jihar Ohio, ya shafe shekaru yana tuƙa motar bas. A 1993 ya dawo da kundin Lonely Just Like Me, wanda Ben Vaughn ya shirya, ya kuma soma hawa dandali, amma bugun zuciya ya yi ajalinsa a Nashville cikin watan Yuni na shekarar, yana ɗan shekara 53. Shawarata ita ce ka fara da faifan da ya yi wa Dot tsakanin 1961 da 1963, sannan ka saurari wannan kundi na ƙarshe, inda ya sake rera wasu tsofaffin waƙoƙinsa, har da "Sally Sue Brown".