Kompiresan kilim ɗina ya tsaya, in canza ko in sayi sabo?

Mai Shago Wadata: Salamu alaikum 'yan uwa. Babban kilim na shagona, irin na tsaye mai ba da sanyi da ɗumi, ya daina sanyaya ana tsakiyar zafin Afrilu. Mai gyara ya ce kompiresan ne, wato injin da ke matse gaz ɗin sanyi, wai irin scroll, jika 350. Me ya raba shi da sauran? In canza, ko in haƙura in sayi wani kilim?

Ɗan Tawa: Ɗumi a Yamai? Ai wannan kyauta Allah ke ba mu, Alhaji.

Usta Katako: Alhaji, ba shi da fiston. Ƙarafa biyu ne a naɗe kamar gammo, ɗaya cikin ɗaya. Guda a kafe yake, ɗayan yana yi masa tankaɗe kamar rariya a hannun mace, ba ya juyawa. Gaz na shiga ta gefe, ana matse shi har tsakiya, ya fita da zafi. Shi ya sa ba ya da ƙara. Wani Bafaranshe, Léon Creux, ya ƙirƙiro shi tun 1905. Ɗumin kuwa wani bawul ne ke juya hanyar gaz, kompiresan bai san an yi ba. A fara duba wutarka tukuna.

Maman Hadiza: Kar ka sake! Bara na biya jika 200 aka canza mini kompiresa, yaron mai gyara ya haɗa wayoyin wutarsa guda uku a karkace. Abin ya dinga juyawa da baya yana kuka kamar injin niƙa, ba sanyi ko kaɗan. Ya ce wai sabo ne, zai saba. Kwana biyu ya ƙone. Har yau lambarsa a kashe, ni da yara muna kwana a tsakar gida.

Ɗan Tawa: 200? Ɗan gwanjo aka sa miki, Hajiya. Ni 120 na sayi nawa.

Usta Katako: Naka ƙaramin sifilit ne, kilim ɗin da ake liƙawa a bango, yawancinsu ba scroll ba ne. Wanda bai taɓa riƙe kwalbar gaz ba ya yi shiru.

Maman Hadiza: To wanda ya cuce ni ma Usta ake ce masa.

Baban Sani: Duk ku bar zancen nan, wuta ce ke kashe su. Ta zo rabi-rabi, kwan fitila kamar garwashi, a ɗauke a maido sau biyar kafin la'asar. Jiya firjina ya bi sahu, amma faktir ba ta taɓa makara ba.

Mai Shago Wadata: To ni dai in canza ko a'a?

Baban Sani: Unguwarku akwai wuta yanzu?