Neman aiki ga mai galahanga ko ADHD: shawarwarin da suka fito a zamanmu

A zaman da muka yi da matasa masu galahanga (autism, lalurar da ke shafar mu'amala da mutane) da masu ADHD (lalurar wahalar tattara hankali da zama wuri ɗaya) tare da iyayensu, maganar intabiyu ce ta fi cin lokaci. Da yawansu sun iya aikin sarai, amma haɗa ido da baƙo da tambayar ba-zata kan sa bakinsu ya ɗaure. Aka ba da shawarar ka roƙi a turo maka tambayoyin tun da wuri, ko a gwada ka a aikace: mai gyaran waya ya kwance waya a gaban maigida, tela ya kai rigar da ya ɗinka. Ranar kuma ka isa da wuri, ka nemi kujera nesa da ƙarar janareta.

A kan bayyana lalurar, ra'ayi ya rabu. Ni ina tare da masu cewa a bari sai takardar ɗauka ta zo hannu, domin har yanzu akwai masu kiran abin taurin kai ko aljanu. Amma ka san haƙƙinka: dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

Kula da kai kuwa, kada neman ya cinye yini duka. Sa ƙararrawar waya, in ta buga ka tashi ka huta. Barci ya wadata, magani kada a daina shi sai da izinin likita. Iyaye kuma an roƙe su su daina kwatanta yaro da ɗan maƙwabci.