Muhawara: Gadon Tebur Ya Wadatar, Ko Da Sauran Aiki?

Auta: Salamu alaikum. Ni fa ina nan kan bakana: duk mai teburori masu tsari iri ɗaya a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL da bai yi amfani da INHERITS, wato gadon tebur, ba, wahalar da kansa yake. Ka gina uwar tebur sau ɗaya, sauran su gaje ta. Gobe in ka ƙara ginshiƙi a kan uwar da ALTER TABLE, nan take ya sauka a kan 'ya'yan duka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ginshiƙi kam yana sauka, haka ma sharuɗɗan CHECK (tantance abin da aka shigar) da NOT NULL (hana barin gurbi babu komai). To ina PRIMARY KEY, wato babban mabuɗi, da UNIQUE, masu hana maimaita ƙima ɗaya? Ba sa bin gado, fihirisa ma haka. Lamba 7 sai ta shiga ɗa na farko, ta sake shiga na biyu, ka tambayi uwar ta kawo maka su biyun, rumbun bai ce uffan ba. Abin da ya fi damuna shi ne FOREIGN KEY, mabuɗin da ke nuna layi a wani tebur: in ya nuna uwar, layukan da ke cikin 'ya'yan ba ya ganinsu sam.

Auta: Sai a sa wa kowane ɗa nasa mabuɗin mana, Yaya.

Injiniya: Ka ga ka koma maimaicin da kake gudu ke nan. Kuma kowane mabuɗi teburinsa kaɗai yake gadi.

Malama: Ni LIKE nake yi. CREATE TABLE da LIKE, in haɗa da INCLUDING ALL, in samu ginshiƙai da fihirisa da ƙimar farko. MySQL, wata manhajar rumbun bayanan, ita ma tana da LIKE, amma ba ta da gado ko kaɗan.

Auta: Haba Malama, ai wannan kwafi ne kawai! Da an gama ƙirƙira, an raba gari. Ki canza na asali, kwafin ko gezau.

Malama: Abin da nake so ke nan. Canjin tsari in rubuta shi a fayil, manhajojin aiwatar da canji irin su Flyway ko Liquibase su bi da shi tebur bayan tebur, kowa ya karanta kafin a taɓa rumbun aiki. Ban son umarni guda ya girgiza teburin da na manta da shi.

Dattijo: Ku dakata, yara. Auta, me ya sa teburorin naka suka zama iri ɗaya tun farko? In bayanai ɗaya ne ka raba wata-wata, to tun PostgreSQL 10 a 2017 akwai PARTITION BY, mai raba tebur ɗaya kashi-kashi. Na 11 a 2018 ya ba da damar fihirisa da babban mabuɗi a kan uwar, da sharaɗin mabuɗin ya ƙunshi ginshiƙin da aka yi rabon da shi. Sannan kada ka manta, ƙara ginshiƙi a uwar yana kulle ta da 'ya'yanta gaba ɗaya, har masu karatu sai sun jira.

Auta: Baba, nawa ba na wata-wata ba ne. Motoci ne da babura, kowanne da ƙarin ginshiƙansa.

Dattijo: To akwai wani tebur da zai riƙa nuna su da FOREIGN KEY?

Auta: Akwai, na masu mallaka.

Injiniya: Shi ke nan, gado ya fita. Yi tebur ɗaya na ababen hawa mai babban mabuɗi, motoci da babura su rataya a kansa da lambar.